Abin da Ya Fitar da Inna Ɗaso daga Makka

Kowa a Jarwal ya san Inna Ɗaso ba ta fita daga Makka. Tunda ta sauko daga Arfa a hajjinta na fari ba ta ƙara ƙetare alamun iyakar Harami ba, ko Tan'im ba ta zuwa ɗauko umara. Hujjarta ɗaya ce, kuma ba ta ɓoye ta. Da ƙafa ta taso daga ƙasar Kano, ta ratsa Chadi, ta tsinci auduga a Sudan har ƙuruciyarta ta ƙare, ta binne mijinta a hanya, duk don ta zo ta mutu a garin nan. Ta ce ba za ta sha wannan wahala ba sannan ajali ya ritsa da ita a Jidda wajen bikin wani. Mukan yi mata dariya, ita kuwa ko a jikinta.

Ni Ramlatu a nan aka haife ni, ni da ƙanena Mukhtaru, wanda ke auren autarta Rumasa'u. Gida ɗaya muke, ni da maigidana Wada a sama, su a ƙasa tare da Inna. Wada tsire yake yi a bakin kasuwa, Larabawa suna tururuwa suna ce masa sire. Mukhtaru kuwa direba ne, yana jan wanet ɗin wani ɗan kwangila, irin buɗaɗɗiyar motar nan ta ɗaukar kaya, kuma duk inda ya je ya dawo sai ya cika mana kunne da labari.

A Sha'aban na shekarar Hijira ta 1384 cikin Rumasa'u ya tsufa, ana sa ran haihuwa cikin azumi. A lokacin ne kanwa ta yanke mana. Mu nan ba mu da ita sai wadda alhazai suka ƙullo mana a gefen jaka, ga ta bara ta ƙare, alhazan bana kuma ba za su fara sauka ba sai bayan salla. Inna ta bi gidajen Jarwal ɗaya bayan ɗaya, ta hau tudun Nakkasa da sandarta, wai ta miya take nema. Duk mun san ba miya ba ce. 'Yarta ta fari, wadda ko sunanta ba ta kamawa, a gonar auduga ta haihu, babu itacen wankan jego, babu kunun kanwa, ta kumbura ta rasu ba ta yi arba'in ba. Inna ta riƙe a ranta cewa sanyi ne ya shige ta. Ba za ta furta ba, don ba a san uwa da nuna damuwa kan cikin 'yarta a gaban mutane ba, amma ina ganin yadda take buɗe gwangwanin kanwar ta leƙa, alhali ta san babu komai a ciki.

Wata rana bayan la'asar Mukhtaru ya dawo daga hanyar Najadu, ya baje a tsakar gida yana ba Wada labarin wani wuri da ake kira Wahba, can gaba da Ɗa'ifa. Hausarsa dama rabinta Larabci ne.

"Wallahi ya Wada, dutse ne mai baki, kamar an ƙwaƙule cikinsa da ludayi. An ce wuta ce ta fasa ƙasa ta fito tun zamanin da, duwatsun wurin duk baƙaƙe ne ƙirin. Amma in ka leƙa can ƙasa, fili ne fari fat, yanzu da aka yi ruwa har tafki ya kwanta a tsakiya. Wani Badawi ya ce sukan ɗebo farin abin su ba raƙuma su lasa. Bana can za mu yi Sha'abana, halas."

Sha'abana al'adar mutanen Makka ce, a fita bayan gari a ci a sha a wataya kafin azumi ya kama. Inna tana bayan labule tana tsintar shinkafa, don ba ta zama inda surukinta yake. Na ji motsin faifan ya tsaya daidai wajen maganar raƙuma.

Washegari ta kira ni ɗakinta.

"Ramlatu, ki tambayi ƙanenki, motar tasa da wurin mutum ɗaya?"

"Wa zai bi mu, Inna?"

"Ni."

Na saki baki ina kallonta. Rumasa'u da ke zuba shayi sai da ta zuba shi a kan darduma.

"Inna, wurin nan fa ya wuce Ɗa'ifa," in ji ta. "Ke da ko Jidda ba kya zuwa?"

"Iska zan sha. Haramun ne?"

Kafin azahar labari ya zaga unguwa, mata suna shigowa da dabarar aron turmi don su ga ko da gaske ne. Mukhtaru kuwa kansa ya fasu, wai shi ne ya fitar da Hajiya daga Makka da daɗin bakinsa.

Mu biyar muka tashi: ni, Wada, Mukhtaru, Inna, sai maƙwabcinmu Garba, wani ƙato da sana'arsa ita ce ɗaukar tsofaffi a shibriyya, gadon nan da ake ɗora marasa ƙarfi a kai a yi ɗawafi da su. Rumasa'u ta zauna gida da matar Garba. Aka loda tanti da katifu da salkunan ruwa da buhun gawayi, da rago guda yana ta kuka. Da muka iso alamun Harami a Shara'i, Inna ta runtse ido ta damƙe ƙarfen motar, leɓenta na motsi, ba ta buɗe idon ba sai da suka ɓace a bayanmu. Muka kwana a Ɗa'ifa, da safe muka bar kwalta muka faɗa cikin baƙaƙen duwatsu, motar na jijjiga mu har haƙora na haɗuwa. Na zagi Mukhtaru a hanyar nan iyakar zagin da ya halatta tsakanin ya da ƙane.

Ni na ɗauka labarinsa na wurin zuƙi ta malle ce irin wadda ya saba. Da muka sauka wajen la'asar na taka zuwa bakin wurin, sai na zauna dirshan. Ƙasa ce kawai ta ƙare a gabana. Rami ne kewayayye da za a iya zuba Jarwal gaba ɗayanta a ciki a nemi ƙari, bangonsa a tsaye, ja da baƙi. A wani gefe ga itatuwan dabino sun maƙale a jikin dutse, kore shar. Can ƙasa kuma ga farin filin yana ƙyalli har yana kashe ido, a tsakiyarsa ruwa ya kwanta shuɗi, gajimare na yawo a ciki. Wada ya cire hularsa ya mayar, yana ta faɗin subhanallahi.

Garba ya kafa tanti ya danne igiyoyin da duwatsu, don turke ba ya shiga ƙasar wurin. Wada ya yanka rago ya hura gawayi, ƙamshin tsire ya tashi, ni kuma na ɗora salig, shinkafar nan mai laushi da ake dafawa da madara. Mukhtaru ya rataya rediyonsa a sandar tanti yana taya mawaƙin da muryarsa mai kama da ta ragon da aka yanka. Mun ci mun sha shayi da na'ana'a, mun yi dariya har cikina ya ƙulle. Inna dai tsoka ɗaya ta ɗauka, ta koma bakin ramin ta zauna da sandarta a kan cinya. Da Garba ya kai mata shayi na ji ta ce, "Ɗan nan, awakin can ta ina suke sauka?" Ya nuna mata wata siririyar hanya da ta bi ta gefen dabinon.

Sanyin wurin ba na wasa ba ne. Da muka yi sallar asuba kowa ya koma ƙarƙashin bargo, har da ita, a gefena. Hasken rana ne ya tashe ni, na juya na ga katifarta wayam. Na ce ko ta zaga ne. Sai na ga babu sandarta, babu ƙaramin kwanon shanmu, Wada kuma yana ta neman wuƙarsa ta fira. Muka bazu muna ƙwala kira, dutse na mayar mana da muryoyinmu. Garba ne ya tsaya a bakin ramin ya sa hannu ya kare rana, sannan ya ce, "Inna lillahi." Can tsakiyar farin filin, dab da ruwan, ga wani ɗan baƙin ɗigo kamar ƙuda a faifan gari.

Mukhtaru ya ɗora hannu a ka. "Mustahil! Ta yaya? Da me ta sauka?"

Ni ce na fara ganewa. Fari ne, raƙuma na lasa. Na ce, "Kanwa ta je ɗebowa."

Suka ce in zauna a sama, na ce ba a haifi mai hana ni ba, tsohuwa ce mace, in zaninta ya kwance wa zai ɗaura mata? Garba ya kwance igiyoyin tanti ya naɗe tabarma ya saɓa. Hanyar nan ta awaki ce da gaske. Tsakuwa na zamewa ƙarƙashin ƙafa, wani wurin sai ka zauna ka ja gindi, in ka kalli gefe jiri ya ɗebe ka. Ina tafe ina ganin ramukan sandarta a cikin ƙasa, a wani dutse kuma na ga jini kaɗan inda ta kurje. Yadda mace mai furfura ta bi wurin nan ita kaɗai gari bai gama wayewa ba, har yau na kasa fahimta.

Daga sama filin kamar tafin hannu yake. Da muka sauka sai ya ƙi ƙarewa. Farin ɓawon yana ƙara ƙarƙashin takalmi, muna ƙara shiga yana ƙara laushi, har ya fara fashewa, baƙin taɓo mai wari na tsartuwa. Muka same ta ta nutse har cinya. Hannayenta baƙi har gwiwa, leɓenta ya tsattsage ya yi fari saboda ɗanɗane, jikinta na kaɗawa kamar mazari. Kwanon yana kanta, ta dafe shi da hannu ɗaya don kada taɓo ya taɓa shi. Da ta gan ni murmushi ta yi.

"Ramlatu, kada ki ɗebi ta gefe, gishiri ce zalla. Ta ainihi tana ƙarƙashi, kusa da ruwa, kamar yadda take a Chadi. Karɓi ki lasa."

Na fashe da kuka. Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba, abin da ban taɓa yi ba. "Inna, kashe kanki za ki yi? Kashe mu za ki yi?"

Garba ya shimfiɗa tabarma a kan ɓawon, Mukhtaru da ya fi su rashin nauyi ya kwanta rub da ciki ya ja jiki zuwa wurinta. Da ta ga shi ne, sai ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska. Tana cikin taɓo har cinya, amma kunyar suruki ba ta bar ta ba. Ya zagaya mata igiya a ƙarƙashin hammata, aka ja, taɓon ya ƙi sakinta, aka sake ja, ya sake ta da wata ƙara mara daɗin ji, ya riƙe takalmanta.

Mukhtaru ya durƙusa yana haki, Larabci na zuba daga bakinsa, sannan ya juya Hausa yana kuka wiwi.

"Hajiya, don Allah, me ya sa ba ki aike ni ba? Da buhu zan cika miki! Da motar zan cika!"

Ba ta dube shi ba. Ni ta kalla.

"Gaya wa ƙanenki, da wane bakin zan ce masa ya ɗebo mini abin jegon matarsa? Kuma da gishiri zai cika motar."

Ta juye abin da ke cikin kwanon a bakin zaninta, 'yan dunƙule ne masu ruwan toka da ba su fi cikin tafi biyu ba, ta ƙulle tam. Ta yunƙura za ta miƙe, ƙafafun suka ƙi.

Garba ya goya ta da bargo kamar jaririya. Mutumin da ke yini yana zagaya Ka'aba da ƙattin alhazai a kafaɗa, sai ga shi yana tsayawa yana dafa dutse, gumi na ɗiga daga gemunsa. Wada na tura shi ta baya, Mukhtaru na jan igiya ta gaba. Rana ta take, farin filin na mayar mana da zafinta, amma Inna sanyi take ji. Kafin mu kai wajen dabinon ta daina magana. Da muka fito sama bayan azahar muka kwantar da ita, fuskarta ta yi toka-toka, numfashinta na fita guntu-guntu, tana dafe ƙirji da hannun da ba ya riƙe da ƙullin. Na ba ta ruwa ya dawo. Ta buɗe ido ta dubi baƙaƙen duwatsun da suka kewaye mu, a nan ne na ga tsoro a fuskarta, irin wanda ban gani ba ko a cikin taɓon.

"Ku mai da ni," ta ce. "Ku mai da ni gida."

Tantin nan a wurin muka bar shi, da tukwane da sauran naman, har rediyon. Muka jefa katifa a bayan mota, na rungume ta a cinyata, Garba ya riƙe bargo yana kare mata rana. Mukhtaru ya ja motar yadda ban taɓa ganin ya ja ba. Ba mu yi nisa ba dutse ya farke taya, muka tsaya suna canzawa, Inna na tambayata me ya faru, ina ce mata ba komai. Ba mu hau kwalta ba sai da duhu ya yi.

A mararrabar Ɗa'ifa Mukhtaru ya tsaya ya zagayo.

"Ramlatu, ki ce mata asibiti na nan kusa. Akwai likita. Makka da nisa."

Ta ji shi sarai. Ta girgiza kai, ta damƙi hannuna da ƙarfin da ban san tana da sauransa ba.

"Makka."

"Hajiya, Allah ya bar ki..."

"Ki ce masa ban taɓa roƙonsa komai ba."

Ya share fuska da hannun riga, ya koma ya tada mota. Muka kwana muna gangarowa ta hanyar Sail, injin na tafasa ana tsayawa ana zuba masa ruwan salka, har salkunan suka ƙare, sai da muka jira gari ya waye muka sami ruwa a Zaima.

Rana ta fito muna cikin kwari, lambunan ayaba sun wuce, duwatsun da na sani sun fara bayyana. Raina ya ɗan dawo. Na ce a zuciyata mun ci nasara. Inna ta motsa.

"Mun shiga?"

"Saura kaɗan, Inna. Wallahi saura kaɗan."

Ta kalli sama. Na zaci za ta ce a ƙara gudu, har na ɗaga hannu zan buga kan motar, sai ta riƙo hannun ta sa mini ƙullin a ciki.

"Ki jiƙa ta tun dare, ki tace sosai, akwai yashi a cikinta. Kada ki cika, ɗan kaɗan ya isa, ta kai yarinyar nan arba'in. Da gero za a dama, ba da shinkafar nan taku ba. Kuma da zafi za ta sha. In ta ce ba ta so, ki tsaya a kanta, kin san halinta."

"Ke za ki dama mata da kanki, Inna."

"Da zafi, Ramlatu."

Ta yi kalmar shahada, Garba na taya ta, a ta biyu ba ta kai ƙarshe ba. Kanta ya yi nauyi a cinyata. Na girgiza ta, na kira ta, na sa kunne a ƙirjinta. Garba ya miƙa hannu ya rufe mata ido. Ni ko kukan ma ya ƙi zuwa, kallonta kawai nake yi, na kasa yarda. Mukhtaru bai sani ba, yana ta zuba gudu yana danna oda ba kowa a hanya. Na kasa buga masa kan motar. Muka sha kwana ɗaya, muka sha ta biyu, sai ga alamun Harami farare a gefen titi, kusa har da mutum zai iya takawa da ƙafa daga inda ta cika. Mukhtaru ya leƙo ta taga yana dariya da hawaye, yana ihu, "Hajiya, mun shiga! Mun shiga!" Sai ya ga fuskata a madubi.

Da hantsi muka shiga Jarwal. Rumasa'u ta ji ƙarar motar ta fito bakin ƙofa da ƙaton cikinta, hannu a ƙugu, tana dariya.

"Har kun dawo? Ina tantin? Inna, kin sha iskar?"

Maza suka sunkuyar da kai. Na sauko da ƙyar, na je gabanta na buɗe baki, abin da na shirya faɗa tun daga Shara'i ya ɓace mini. Sai na miƙa mata ƙullin. Ta gane bakin zanin uwarta, ta kwance, ta ɗauki ɗan dunƙule ɗaya ta kai harshe. Dariyar ta tsaya a fuskarta. Ta dubi bargon da ke shimfiɗe a bayan motar, ta dubi abin da ke hannunta.

Na ce, "Ta ce da zafi za ki sha."